Kabad Mai Hula

Kafin motar 'yan sanda ta shigo layin, mutanen benen sun riga sun yanke hukunci, har sun fara zartarwa. An tsinci Likita, mai cire haƙorin nan da ke zaune a hawa na biyu, kwance cikin jini a ɗakin da yake tara mutum-mutuminsa, an fasa masa kai. Matarsa ce ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta tarar da shi. Ihunta bai gama sauka ba wani ya ce da safe ya ga mai gilashi yana saukowa daga wajen Likita, hannunsa naɗe da tsumma mai jini. Shi ke nan. Aka je shagonsa da ke bakin titi aka jawo dattijon a ƙasa kamar buhu.

Sunkuye ce ta fara saukowa daga motar. Ita ce mai bin sawu ta ofishin, kuma sunan ya bi ta ne saboda ba ta tafiya da kai a sama. Ko gaisawa kake yi da ita, takalminka take kallo. Abokan aikinta kan ce ba ta san fuskar mijinta ba, da ƙafa take gane shi. Abin da ta fara gani a ranar shi ne layi biyu da dugadugan mutum suka ja a ƙasa, da haƙori guda a bakin kwata.

Layin ya kai ta tsakiyar taro. Mai gilashi yana kwance ya dunƙule, ana ta kai masa ƙafa ta ko'ina. Wani ƙato ya take masa wuyan hannu, ya ɗaga rodi ya sauke a kan yatsunsa. Ƙarar ta yi kama da ta busasshen kara. Wannan shi ne Auta, ƙanin mamacin.

Sai da Sufeto ya harba bindiga sama sannan aka ja baya. Shi da Kofur suka ciccibi dattijon, amma kafin su kai mota wasu sun sace iskar tayoyin, don haka suka tura shi ɗakin maigadi suka danna kwaɗo. Sufeto ya jingina bayansa da ƙofar, yana haki.

"Na kira a ƙaro mutane, amma hanya a cushe take," ya ce da Sunkuye ƙasa-ƙasa. "Ƙofar nan katako ce. In ta ɓalle, gawa ta biyu za mu ɗauka. Hau ki karanto mini ƙasan can, ki yi sauri."

"To, yallaɓai."

Ɗakin Likita ba shi da bango, sai gilashi. Kabad-kabad ne jere daga ƙasa har kusa da silin, kowanne da fitilarsa a ciki, cike da mayaƙa masu sulke, da dodanni masu fukafukai, da mutanen ƙarfe masu jajayen idanu. Maƙwabta suna kiran su gumaka, wasu ma tuni suka fara raɗa cewa su ne suka tashi suka kashe shi.

Kofur, wanda tumbinsa ya sa ya iso yana nishi, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ni fa ba na son abin da yake kallona ba ya ƙiftawa."

"To ka kalli ƙasa, kamar ni."

Ƙasar ba ta da amfani. Duk benen ya shiga ya fita don ganin gawa, sawu a kan sawu, an tattake jinin an kai shi har matakala. Sunkuye ta yi tsaki, ta tsuguna kusa da Likita. Rub da ciki yake, ƙeyarsa ta lotsa wuri uku, farin ƙashi ya leƙo ta cikin gashi. Ga guduma a gefe, an naɗe ƙotarta da baƙar roba, gashinsa manne a bakinta. Ɓaraguzan gilashi sun rufe bayansa kamar an watsa masa tsakuwa. Ta ɗaga hannunsa a hankali ta leƙa. Ƙarƙashinsa jini ne zalla, babu gilashi ko ƙwaya ɗaya.

Kabad ɗaya kawai aka fasa, mafi girma. Da gani biyu ne aka haɗe, aka cire kantocin tsakiya don abu mai tsayi ya samu wurin tsayawa. A samansa, ta kusurwar hagu, an huda rufin an ɗora wani ɗan akwatin gilashi kamar hula. Babu komai a ciki. Ɓaraguzai sun cika gindinsa, har tsakiya, inda zagayen tabon abin da ya daɗe a tsaye yake.

"Me ƙasa ta ce?" in ji Kofur.

"Ta ce an kashe shi tukuna. Aka fitar da abin da ke ciki. Sannan aka fasa gilashin."

"Wane ɓarawo ne zai fasa ƙofa bayan ya gama sata?"

"Wanda yake so a ce ɓarawo ne."

Ta sami matar Likita a kicin, zaune a ƙasa, ta naɗe tafin ƙafarta da tawul. Matan benen sun riga sun tare Sunkuye a matakala sun gaya mata, ba tare da ta tambaya ba, cewa Malama ta sha rantsuwa za ta farfasa ɗakin nan.

"Na faɗa," in ji Malama, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba sau ɗaya ba. Ɗakin da na ce a bar wa yara ne. Mutumin da bai taɓa ɗauke kofin da ya sha shayi ba, amma ki zo ki gan shi da farar safar hannu yana goge wa dodo hanci da burushi." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye ta koma kuka. "Yanzu wa zan yi wa faɗan?"

Sunkuye ba ta iya rarrashi ba. Ta kalli ƙafar. Yankan sabo ne, kuma takalman Malama na bakin ƙofa da alli a jikinsu, an cire su cikin natsuwa an jera. Da ƙafa tsirara ta shiga ta taka gilashin, kamar kowace mace da ta dawo gidanta ba ta san abin da ke jiran ta ba.

"Allah ya ba ki haƙuri, Malama. Me ke cikin babban kabad ɗin?"

"Mai Mashi. Haka yake kiran sa. In an haɗa da mashin ya kai ni kafaɗa. Ya ce irinsa ba su da yawa a duniya, kamar na tambaye shi."

"Wa ya yi faɗa da shi kwanan nan?"

Malama ta ƙara ɗaure tawul ɗin ƙafarta. Sannan ta ce, "Auta. Jiya har sai da na shiga tsakani."

A ƙasa an ƙaru. Wani ya kawo galan na fetur ya ajiye a gaba inda kowa zai gani, ana jifar ƙofar maigadi da duwatsu, ɗaya ya fasa wa Sufeto gira. Auta na tsaye a gaba da rodinsa. Sunkuye ta ratsa ta tsaya kusa da shi, idonta a kan takalmansa.

"Ɗaga ƙafarka."

"Ke kuma wace ce?"

"Ɗaga, ɗan'uwa. Ba zan cinye ta ba."

Ya ɗaga don mamaki. Gilashi ya cika ƙasan takalmin.

"Ka yi faɗa da yayanka jiya."

"Na yi! Na ce ya fitar da shirgin nan daga gidan, mutane na zagin mu. Ya ce in fita, na shaƙe shi, ya mare ni. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ina ruwanki?" Ya matso da fuskarsa har tana jin hucin bakinsa. "Ni kike zargi? Wallahi da ni ne, ba ɗaya zan fasa ba. Duk ɗakin zan mayar gari, in haɗa da fitilun."

Ta duba ƙafafun da ke kewaye da ita. Duk wanda ya motsa, sai ta ga ƙyalli a sawunsa. Kowa ya hau, kowa ya taka. Gilashin takalmin Auta bai fi na wani mai sayar da katin waya da ke bayansa ba. Amma maganarsa ta maƙale mata. Mai ƙin abubuwan nan ba zai tsaya a kabad ɗaya ba.

Sufeto ya buɗe mata ƙofa kaɗan ta zame ciki. Ɗakin maigadi na warin fitsari da jini. Mai gilashi na jingine da bango, ido ɗaya ya rufe don kumburi, hannunsa na dama a kan cinya, yatsu uku sun kalli inda yatsa ba ya kallo. Farar rigarsa ta cika da tambarin takalma.

"Sannu, Baba."

"Yauwa, 'yata." Maganar na fita da iska ta gurbin haƙorin. "Su shigo kawai su ƙarasa. Hannun ai ya tafi."

"Gudumarka ce a sama?"

"Tawa ce. Na yanke a wajen aiki, jini ya ƙi tsayawa, na sauko na bar kayana a kan zan koma da yamma. Lafiya lau na bar shi, yana ta tsokana ta wai tsufa ya kama ni."

"Wane aiki?"

"Roba na liƙa wa bakin ƙofar babban kabad, don ƙura. Su ƙura ce abokiyar gabarsu. Ya ce in toshe ko'ina, don Mai Mashi ya zauna ke nan, ba inda za shi." Ya yi tari, ya tofar da jini. "Ni na haɗa kabad ɗin nan da hannuna. Na kanti ba ya ɗaukar manya, sai an haɗe biyu an cire kanta an ƙarfafa gindi. In fasa shi? Ko da zan yi sata, ai na san yadda ake buɗewa. Sai an zare mashin, a cire kan, a karkato shi, sannan ya fito. Kafin nan ma sai an kwashe 'yan rakiyarsa."

"Su wa?"

"Wasu ƙanana uku masu garkuwa, da ke tsaye a gaban ƙafafunsa. Da na tafi suna nan."

Sunkuye ta tuna gindin kabad ɗin. Gilashi ne kawai a ciki, babu karyayyen hannu, babu garkuwa.

Dutse ya daki ƙofar, katakon ya tsage daga sama. A waje wani na ihu a kawo ashana.

"Baba, hular nan ta sama fa?"

"Ta mashin ce. Ya fi rufin tsayi, Likita kuma ya rantse ba za a gajarta shi ba." Ya lumshe idon da ya rage. "Aiki ne mai wuya. Sau biyu kacal na taɓa yin irinta."

"Ɗayar ta wa?"

"Ta amininsa mana. Mai Agogo, da ke samansa. An daɗe."

Ta koma ɗakin da gudu, ta bi kabad-kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya. A na kusa da taga ta same su. Ƙananan mayaƙa uku masu garkuwa, an tsayar da su a gaban wasu mutanen ƙarfe, an ba kowanne tazara don kada ya gogi ɗan'uwansa, an juyo da fuskokinsu waje, an rufe ƙofar har ta kama. Ko ƙwarzane babu a jikinsu.

Ta kira Malama ta nuna mata.

"Ba nan ne wurinsu ba," in ji Malama nan take. "Ba ya haɗa masu sulke da na ƙarfe. Na taɓa yi da nake shara, kwana ya yi bai yi mini magana ba."

Sunkuye ta tsaya tana kallon su. Mutum ya sauke wa wani guduma sau uku a ƙeya. Gawar na kwance a ƙafarsa, jini na bin tayil. Sannan ya tsallake ta, ya ɗauki 'yan abubuwan nan ɗaya-ɗaya, ya kai su inda gilashi ba zai same su ba.

"Kofur, zo mu gaida maƙwabci."

Mai Agogo ya buɗe tun kafin su gama ƙwanƙwasawa. Siririn mutum ne mai tabarau, mai shagon agogo a cikin gari, muryarsa kamar ta mai tsoron tada jariri. Idanunsa sun yi ja.

"Bismillah, ku shigo. Ku yi haƙuri ban sauko ba, ba na iya ganin jini. Tare muka fara wannan tarin, ni da shi."

A bakin ƙofa akwai takalman fata an jingine su da bango, ruwa na ɗiga daga ƙasansu. Duk benen nan, shi kaɗai ne ya ga dacewar wanke takalmi a yau.

Falonsa ma gilashi ne, sai dai bai kai na Likita ba. A tsakiya, inda ya kamata talabijin ta zauna, ga wani dogon kabad, biyu a haɗe, an cire kantoci, da hula a kusurwar hagu. Fitilarsa a kunne. Babu komai a ciki.

"Wannan fa, ranka ya daɗe? Iska kake tarawa?" in ji Kofur.

Mai Agogo ya yi murmushin dole. "Ina jiran wani abu ne. Gara ka tanadi wuri kafin baƙo ya iso."

Sunkuye ta durƙusa kamar za ta gyara igiyar takalminta. Gindin kabad ɗin madubi ne, an goge shi tas, ko ƙura babu. Amma a tsakiya akwai zagayen tabo, dishi-dishi, faɗinsa ɗaya da wanda ta gani a ƙasa. An tsayar da wani abu a nan ba da daɗewa ba, an kalle shi, an ɗauke. Ƙofar ɗakin kwana a rufe take, kuma tun da suka shigo mutumin bai matsa daga gabanta ba.

Tabo da jiƙaƙƙen takalmi ba za su hana a cinna wa ɗakin maigadi wuta ba. Mutanen ƙasa sai sun ji da kunnensu.

"Ka fi kowa sanin kayan marigayi," ta ce, tana kallon silifas ɗinsa. "Ka taimaka ka sauko ka duba mana abin da ya ɓata."

Da suna fita ta ja Kofur baya ta raɗa masa magana. Ya zaro ido, sannan ya gyaɗa kai. Mai Agogo ya ja ƙofarsa zai kulle, Kofur ya sa ƙafa. "Bar ta, ranka ya daɗe, zan tsare maka. Ƙafafuna sun gaji da matakala."

An lulluɓe gawar da zanen gado. Sunkuye ta leƙa ta taga ta ce a hawo da Auta, za a nuna masa wanda ya kashe yayansa. Wannan ya sa taron ya lafa, rabinsu suka biyo shi suka cika matakala da bakin ƙofa. Sufeto ya bar maigadi da direban motarsu a ƙasa ya hawo, yana danne girarsa da hankici. Malama na tsaye ta dafa bango. Mai Agogo ya tsaya nesa da jinin, hannuwansa a baya.

Sunkuye ba ta saba magana a gaban mutane ba. Ta kafa idonta a tayil ta fara.

"Ba faɗa aka yi gilashi ya fashe ba. An kashe shi, an ɗauke Mai Mashi, sannan aka fasa don a ce ɓarawo ne. Malama ta tsani kayan nan. Auta ma haka. Baba mai gilashi kuwa katakon da gilashin ne nasa, abin da ke ciki bai dame shi ba." Ta je ta buɗe kabad ɗin kusa da taga. "Amma waɗannan ukun a cikin wancan suke da safe. Wanda ya yi kisan ya kwashe su ya kawo nan kafin ya ɗaga guduma a kan gilashin. Bai ji tausayin mutum ba. Su ya ji wa."

Ta sa hannu tsirara ta ɗauko ɗaya ta garkuwarsa, tana lilo da shi. Ta gefen ido ta ga yatsun ƙafar Mai Agogo sun dunƙule a cikin silifas.

"Kowa ya san ina son su," ya ce a hankali. "So ba laifi ba ne."

"Ba laifi ba ne. Shi ya sa na ce Kofur ya duba ɗakinka, don a wanke ka. Ka yi haƙuri da shi, hannunsa ba shi da taushi. Rannan garin neman waya ya karya gadon mutane biyu."

Daga sama, daidai kansu, aka ji wani abu mai nauyi ya faɗi. Fitilun kabad suka girgiza. Aka sake jin wani, sannan ƙarar ana jan katako a kan tayil.

Gumi ya keto wa Mai Agogo. "Ba shi da izinin..."

Dum! Ƙura ta zubo daga silin.

"Yanzu ya kai ɗakin kwana, ina ji," in ji Sunkuye. "Katifa yake fara kifarwa."

"Kada ya taɓa gadon!" Muryar da ta fito daga siririn mutumin nan ba tasa ba ce. Ya yi tsalle ya nufi ƙofa, Sufeto ya cafke shi, yana fizge-fizge yana ihu wa silin. "Kai! Kada ka ja bargon! Mashin na ƙarƙashi, zai karye! Ba a gyara shi in ya karye!"

Shi kansa ya ji abin da ya faɗa. Ya daina fizga, tabaransa ya zamo kan hanci.

"Nawa ne," ya ce, kamar yana bayani ga yara. "Musaya muka yi. Na ba shi ukun nan, su ne farkon abin da na mallaka, a kan zai ba ni Mai Mashi. Na sa aka yi masa wuri. Kullum sai ya ce gobe. Kullum ina kunna wa kabad fitila babu kowa a ciki. Yau na sauko na ga ya sa an liƙe ƙofar da roba. Na ce, alkawarin fa? Ya yi dariya. Ya ce in sa tukunyar fure a nawa, za ta yi kyau da hular." Ya dubi zanen gawar. "Ya juya mini baya yana dariya."

Malama ta sulale ƙasa.

Auta bai yi ihu ba. Rodin an karɓe a matakala, don haka da jikinsa ya zo. Ya ture Sufeto gefe, ya ɗauki Mai Agogo ta wuya da ƙugu ya maka shi cikin kabad ɗin kusa da taga. Gilashin ya tarwatse, kantoci suka rufto, mutanen ƙarfe suka zubo a kansa. Auta ya jawo shi ta ƙafa ya hau ruwan cikinsa, yana sauke masa dunƙule a fuska, tabaran ya nitse cikin kunci, hanci ya fashe. Sai da Sufeto ya buga masa gindin bindiga a kafaɗa, maza huɗu suka taru, sannan aka ɓamɓare shi.

Mai Agogo na kwance cikin ɓaraguzai, wani dogon yanki ya tsaya a damtsensa, jini na tsartuwa. Bai kalli hannun ba. Ɗayan yake miƙawa yana lalube a ƙasa, har ya kamo kan ɗaya daga cikin ƙananan ukun da ya gangara kusa da zanen gawar. Ya share shi da babban yatsa, ya ƙara shafa masa jini.

Kofur ya sauko yana haki, ya leƙo. "Ni fa kujera kawai nake ɗagawa ina saki, ko ƙofar ɗakin ban buɗe ba. Me na rasa?"

Da suka hau tare da Sufeto, sun sami Mai Mashi a kan gado, an kwantar da shi a kan filo, an ja masa bargo har wuya. An naɗe kan da farar riga mai tsabta, mashin na gefensa, da farar safar hannun Likita a ninke a kan durowa.

Labari ya riga su sauka. Da Sunkuye ta iso ƙasa galan ɗin ya ɓace, babu wanda ya san wanda ya kawo shi. Sufeto ya buɗe kwaɗon, direba da maigadi suka fito da mai gilashi a kafaɗunsu. Ya ɗaga hannun daman a gabansa kamar kayan wani da aka ba shi riƙo.

"Sannu, Baba," in ji wani daga cikin taron. "Kuskure aka yi."

"Sharrin shaiɗan ne," in ji wani. "A yi haƙuri."

Dattijon ya dubi Sunkuye da ido ɗaya. "'Yata, wa zai yanka mini gilashi yanzu?"

Ta kalli farar rigarsa. A ƙirji ga tambarin takalmi mai layi-layi, dugadugin ya cinye ta waje. A haƙarƙari ga wani mai zanen tauraro. A kafaɗa ga silifas ƙarami, na mace. A ciki ga na makaranta, mai ƙusa a baki. Kowanne ya fito sarai kamar an buga hatimi, kuma duk ta gan su yau, a matakala, a bakin ƙofa, a nan inda take tsaye.

Mutane sun fara zamewa ta baya, kowa ya tuna yana da abin yi.

"Yallaɓai," ta ce, "a rufe get."

Sufeto ya dube ta, ya dubi rigar, ya ɗaga wa maigadi hannu. Ƙofar ƙarfen ta rufu da ƙara.

A karo na farko a ranar Sunkuye ta ɗago kanta, ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa ya tsaya inda yake," ta ce. "Ku cire takalmanku."